Awakin Inna a Jujin Kan Iyaka

Shekarar da fari ya hana mu ko dami ɗaya a gonarmu ta Riko na sauko Jibiya neman abin yi. Lokacin ban daɗe da aure ba, rumbunmu kuwa ya riga ya nuna ƙasa. Wani ɗan garinmu da ke gadi a ofishin kan iyaka ya yi mini hanya, aka ɗauke ni lebura. Aka ba ni tsintsiya da shebur da manjagara da wani baro mai kukan ƙafa, aka nuna mini filin da motoci ke tsayawa kafin a ɗage musu sandar shinge, aka ce daga nan har bakin kwalta duk nawa ne. Abin da na share in tura shi bayan ofis in zuba.

Da fari aikin ba shi da wuya. Sharar lokacin ba ta wuce ɓawon gyaɗa, da tukar rake, da ganyen da aka ƙunso goro, da kashin jakuna da na raƙuma, da tokar masu tuwo. Ba ta daɗewa a bayan ofis. Manoman Magama kan zo da jakuna da mangaloli su kwashe ta su kai gona, har su tsaya su sa mini albarka kamar wani abu na ba su daga aljihuna. Akwai ranar da dattawa biyu suka kusa dambe a kan wanda ya riga wani zuwa.

Sai aka ce kuɗin mai ya shigo ƙasa. Mu dai ba mu ga man ba, motoci muka gani. Manyan motoci suka riƙa jeruwa tun daga shinge har inda ido ya gaza, wasu za su Maraɗi, wasu daga can suke. A sauke kaya a buɗe a duba, a yaga kwali a yar, a tsinke langalangar da aka ɗaure diloli da ita a yar. Direbobi da yaransu suka koyi shan madarar gwangwani da cin kifin gwangwani da lemon kwalba. In lokacin dawowar alhazai ya yi, abin ya fi haka. Alhazan Nijar da jirgi ya sauke a Kano ta nan suke bi su koma gida, da akwatuna da rediyoyi da dardumai, kowane abu cikin kwalinsa. A cikin sharar da suka bari na fara ganin ƙananan kofuna da cokula na roba, waɗanda aka ce a cikin jirgi ake ba mutum abinci da su, in ya gama a zubar. Na daɗe ban yarda ba. Cokali lafiyayye, a ci da shi sau ɗaya a yar! Na tsince wasu na kai wa mai ɗakina, ta wanke ta jera su a kan kwallayenta don ado.

A wannan tsakanin ne Inna ta zo. Inna nake ce mata don ta kai sa'ar mahaifiyata, kowa a wurin ma da haka ya san ta. Tana cikin mutanen da yunwa ta koro daga arewa, waɗanda suka riƙa ƙetarowa a ƙasa, da tabarmi a kai da yara a baya. Yawancinsu kan huta su wuce Katsina ko Kano. Ita ba ta wuce ba. Da safe na same ta zaune a gindin bedin da ke bayan ofis, doguwa, ramammiya, da tsage a kumatu, ga wata 'yar akuya ja ɗaure a ƙafarta da tsumma. Na gaishe ta, ta amsa, ta bi baron da ido har na juye shi.

"Ɗana," ta ce, "wanga kaya na da mai shi?"

Na ce, "Shara ce, Inna."

"Kwalaben ga ma?"

"Har su."

Ta zuba mini ido, kamar tana jiran in ce wasa nake. Da ta ga ban ce ba, ta miƙe ta fara tsince su ɗaya ɗaya, tana goge kowace da bakin zanenta.

Daga baya na ji labarinta, guntu guntu, don ba mai yawan magana ba ce. Garinsu can gaba da Maraɗi yake. Shanunsu da tumakinsu sun faɗi ɗaya bayan ɗaya, mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi kudu neman abinci bai aiko ba. Akuyar nan kaɗai ta rage mata, ita ma don ta riƙa raba kunun da ta samu da ita ne.

Kafin damina ta zagayo Inna ta mai da bayan ofis wurin sana'a. Duk abin da na zuba sai ta bi shi ta ware. Kwalabe ta wanke su da yashi da toka ta kai wa masu man gyaɗa da masu kananzir. Gwangwanaye ta tara wa wani maƙerin farin ƙarfe a cikin gari, shi kuma ya mai da su aci-bal-bal da mazurarai da ludayen awo. Langalanga masu yankan ciyawa ke saye. Buhunan da suka yage ta farke su ta murza igiya. Kwalaye kuwa da su ta yi wa kanta bukka, ta rufe samanta da fallayen wani durom da maƙerin ya tsaga mata. Abin da ya rage mai ruɓewa ta tura shi gefe guda don manoma. Tun da ta zo aikina ya yi sauƙi, bayan ofis ya daina wari, har wani babba cikin masu kaki ya taɓa tsayawa ya tambaye ni ko matar nan ma'aikaciya ce. Na ce a'a, ranka ya daɗe, baƙuwa ce. Ya ce a ƙyale ta.

Mai ɗakina ta saba da ita sosai. In ta kawo mini abincin rana sai ta zauna a bakin bukkar su yi ta hira, Inna tana koya mata yadda ake murza igiya a cinya. Lokacin da ta haifi ɗanmu na fari, Inna ce ta zo da sabulu da wata fitila sabuwa fil da maƙerin ya yi da gwangwanin madara, rubutun kamfanin na nan a jikinta.

Akuyar ta haihu, 'ya'yanta ma suka haihu. Duk abin da Inna ta samu a kan kwalabe, in ta cire na gero, awaki take ƙarawa. Suna kiwo a kan jujin, su ci ɓawon rogo da ragowar tuwo da kwali mai laushi. Da yamma takan tsaya ta kira su, kowace da kirarinta, su sheƙo a guje.

"In sun cika garke," takan ce mini, "sai in kora abina in tahi gida. Ba ni komawa hannu wofi, ɗana. Mutane su ce ga ta nan ta tahi bara ta dawo."

Na ce, "Yaushe ke nan, Inna?"

"In Allah ya so, damina mai zuwa."

Damina mai zuwa ta zo ta wuce, ta ce a bar ƙananan su ƙara ƙwari.

Ban iya tuna ranar da na fara ganin leda a shara ba. A hankali ta shigo. Da fari abin marmari ce, mata na wanke ta su shanya su adana. Sai ta fara yawa. Mai burodi ya sa a leda, mai sukari ya ƙulla a leda, kayan da ake buɗewa a shinge kowanne lulluɓe da ita. Tare da ita robobi suka zo, bokitai da kofuna da jarkoki, waɗanda mutanen ƙetare ke ce wa bido. Suna da arha, kuma in sun fashe ba mai iya ɗinke su kamar ƙwarya, ba mai iya like su kamar kwano. Mai man gyaɗa ya ce wa Inna ya daina sayen kwalba, jarka ta fi masa. Fitilar ƙwai ta cika kasuwa, maƙerin ya wayi gari da tulin aci-bal-bal ba mai tayawa. Ya ce mata ta dakata da kawo gwangwani har ya neme ta. Bai neme ta ba. Daga baya na ji ya rufe rumfarsa ya bi wata motar siminti ya zama ɗan dako.

Manoma su ma suka janye. Wani dattijo daga Gangara da ya saba zuwa ya tsaya a kan jujin ya tona da sandarsa, ya ɗago leda da mataccen batirin tocila da fasasshiyar kwalba.

"Malam, ba ni kai wannan gonata," ya ce. "Bara na kai, har yanzu in na sa fartanya sai na ciro tsumman roba. Ba ta ruɓewa. Ga gwamnati na raba takin zamani, me zai sa in yanke ƙafar jakina?"

Ya juya da mangalarsa wayam. Daga nan juji ya fara tashi. Ina zubawa ba mai kwashewa. Ya wuce tsayina, ya kai tagar ofis ta baya, har aka daina buɗe ta. Ƙudaje suka samu gida. In iska ta kaɗa sai ledoji su tashi su maƙale a kan ƙayoyi da wayar shinge, su yi ta karkarwa. Inna ba ta fasa tsincewa ba. Ta tara kwalabe a bayan bukkarta har suka yi gini, tana cewa wata rana za a neme su. Na san ta san ba za a nema ba, amma ban taɓa faɗa mata ba.

Jar akuyar ce ta fara ciwo, wadda ta ƙetaro da ita. Tana ci amma tana ramewa, cikinta ya kumbura ya yi tauri kamar an cusa dutse. Inna ta ba ta kanwa, ta jiƙa mata sassaƙe, ta ɗura mata man gyaɗa. Ba ta tashi ba. Da ta ga za ta mutu mushe, ta aike ni na kira mahauci. Ya yanka ta a gindin bedin, ya feɗe, da ya tsaga tumbin sai ya ja da baya yana salati. Ya sa hannu ya zaro wani dunƙule baƙi, ya yi ta ja yana fitowa, leda ce da igiyar roba sun cure wuri guda, sun kai girman kan mutum.

Inna ta tsuguna ta taɓa dunƙulen da yatsa.

"Me ta gani cikin wanga abu?" ta ce.

Mahaucin ya ce, "Gishiri da maiƙon da ke jiki suke bi, Inna. Ba taki ce ta fari ba. Kwanan nan ko saniya na yanka sai na samu."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce a raba naman a ba masu gadi da masu tuwo, ita ba za ta ci ba. Daga ranar ta ɗaure sauran a turke, ta riƙa tafiya nesa tana yanko musu ciyawa da ganye. Amma sun riga sun ci. Kafin kaka wasu suka bi uwarsu ta hanya ɗaya. Na roƙe ta ta sayar da waɗanda suka rage tun suna da ɗan nama, ta shiga mota ta tafi gida. Mai ɗakina ma ta roƙe ta, har ta ce in ba ta son tafiya ta dawo gidanmu, akwai ɗaki.

"Ɗiyata, na gode," ta ce mata. "Amma in na bar nan wa za ya tsare mini kwalabena?"

Bayan haka aka ce wasu manyan baƙi za su bi ta kan iyaka, a gyara ko'ina. Aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, aka yi wa sandar shinge sabon fenti. Jujin kuwa aka ba wani ɗan kwangila, baƙo ne, ba mu san shi ba. Ya zo ya zagaya shi yana toshe hanci, ya ce kwashewa za ta ɗauki lokaci, ƙonewa ta fi. Na ce masa akwai tsohuwa a gefe da bukkarta. Ya ce ta kwashe abin da za ta kwashe kafin hantsi. Muka taya ta, ni da mai gadi, muka janye awakin da tabarmarta da tukunyarta zuwa can gaba. Kwalaben ba mu iya ba, sun yi yawa. Yaran ɗan kwangilar suka yayyafa baƙin mai suka kunna.

Ban taɓa ganin hayaƙi irin wannan ba. Baƙi ƙirin, mai kauri, yana da wani wari da ke kama maƙogwaro ya ƙi saki. Masu tuwo suka rufe tukwanensu suka gudu. Kwalabe suka riƙa fashewa cikin wutar kamar ana harbi. Bukkar kwali ba ta ɗauki lokaci ba, ta lanƙwashe ta faɗi. Inna na zaune nesa, ta rufe hanci da gefen mayafi, tana kallo. Wutar ta daɗe tana ci ta ƙarƙashi ko bayan da samanta ya yi toka. Baƙin da aka yi don su suka zo suka wuce cikin motoci masu rufaffen gilashi, ba su ko tsaya ba.

Da tokar ta huce Inna ta koma ciki tana neman fallayen durom ɗinta don ta sake kafa bukka. Takalminta na taya ne, ya tsufa. Wani ƙonannen gwangwani ya huda shi ya shige mata tafin ƙafa. Ta zare shi da kanta, ta cusa toka a ramin, ta ɗaure da tsumma. Da na ga tana ɗingishi na ce mu je ɗakin shan magani. Ta ce ƙaya ta fi wannan shiga ƙafarta tun tana yarinya. Na bar maganar, don a lokacin ni ma ban ɗauke shi wani abu ba. Mai ɗakina ce ta matsa ta dawo gidanmu har ƙafar ta warke, wannan karon ta yarda.

Ciwon ya rufe ta waje. Sai wata safiya aka kai mata koko ta kasa buɗe baki. Muƙamuƙinta ya kafe, wuyanta ya sandare. Kafin azahar jikinta ya fara ɗaurewa yana bankarewa, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura ta miƙe kamar itace. Malamin ɗakin shan magani ya duba ta ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai ta Katsina maza. Wani direban da ya san ta ya sauke rabin kayansa ya shimfiɗa mata buhuna a bayan mota. Mai ɗakina ta riƙe mata kai, ni na riƙe ƙafafu. Kowane rami motar ta faɗa sai jikin ya ɗaure. Idonta biyu, tana jin mu, tana son magana, haƙoran sun ƙi rabuwa. Na sunkuya na ce, "Inna, faɗa mini sunan garinku, da sunan wanda za a nema." Ta yi ta ƙoƙari, sauti na fitowa ta tsakanin haƙora, ban gane ko kalma ɗaya ba. Duk zaman da muka yi, "gida" kawai take cewa, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

A asibiti suka karɓe ta, suka sa ta a ɗaki mai duhu, suka yi mata allurai. Likitan ya ce dafin gwangwanin da ya soke ta ne ya shiga jikinta, kuma an makara. Ta ɗan kwana biyu ta cika. Muka dawo da ita Jibiya, mai ɗakina da wata maƙwabciyarmu suka yi mata wanka. Waɗanda suka tsaya mata salla ba su da yawa: ni, da mai gadi, da mahaucin, da direban, da wasu 'yan dako, da liman.

Awaki uku suka rage. Liman ya ce dukiyar magada ce, a riƙe ta amana har a same su. Na ba direbobin Maraɗi saƙo, na kwatanta musu kamanninta da tsagenta, na roƙi wani ma'aikacin duwan, wato kwastan na ƙetare, da muke gaisawa ya taya ni cigiya a kasuwanni. Ya ce mata irin wannan da suka fita shekarun yunwa ba su dawo ba, ba su ƙirguwa, amma zai tambaya. Duk wanda ya sauko daga mota da irin tsagenta sai na ajiye tsintsiya na bi shi da tambaya. Wasu su saurare ni, wasu su zaci roƙo zan yi. Ba wanda ya zo. Biyu daga cikin awakin suka mutu a turke a gidana, ta ukun liman ya ce a sayar a yi mata sadaka, aka dafa abinci aka raba a bakin masallaci ranar Juma'a.

Na ci gaba da shara a wurin shekaru bayan haka. Inda aka ƙone ya zama baƙar ƙasa mai ƙyallin gilashi, ko ciyawa ba ta fita. A kansa na ci gaba da juye baro, don ba a nuna mini wani wuri ba. In ya taru a sake kiran mai ƙonewa. Tari ya kama ni a shekarun nan, irin wanda ba ya jin magani, mai ɗakina ta ce ba za ta zauna ta ga hayaƙin nan ya ƙarasa ni ba. Da aka samu damina mai kyau biyu a jere na mai da musu kayan aikinsu, muka ɗaure namu muka koma Riko.